Murya Babu Hoto

Shafi na 19

Telen tana magana, amma fuskarta baƙa wuluk.

Muryar mai karanta labaran rana tana fita tsaf, tana bayanin farashin gero a kasuwannin kudu. Hoto kuwa babu ko ɗigo. Kwana huɗu ke nan tana haka, kwana huɗu ke nan tsofaffin ma'aikatan ma'adinai na Arlit suna zama a rumfar ƙungiyarsu suna kallon baƙin gilashi.

Dassin ta ajiye akwatin kayan aiki a gefen tabarma, ta koma bayan mahaifinta ta tsaya. Nan ne wurinta a idon jama'a: ƴar da ke ɗauko wa Alhusaini akwati.

Mutum goma sha ɗaya ta ƙirga a rumfar. Dukansu sun san mahaifinta tun cikin ramin haƙar ma'adinai, inda ya yi shekara ashirin da shida yana kula da wutar injinan kamfani. An daɗe da sallamar su duka, ya buɗe shagon gyaran tele a bayan kasuwa, amma har yau Shef, wato shugaban aiki, suke ce masa.

Nomau, shugaban ƙungiyar, mutumin Tahoua, ya buga sandarsa a ƙasa.

"To Shef, ga ta nan. Kai kac ce tana gyaruwa. Muktari yac ce gilashin ya mutu, sai a yar. Mu dai mun gaji da sauraren tele kamar rediyo."

"A kai min ita shago," in ji Alhusaini. "Gobe da hantsi ku aiko a ɗauka."

"A'a."

Muktari ne ya faɗa. Ɗan Damagaram ne, mai shagon gyara a bakin tasha, shekararsa uku a garin. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Shef, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Amma kowa ya sani, duk abin da aka kai shagonka bayan labule yake shiga. Shekara guda ke nan ba wanda ya ga ko turnabis na kwance kusa a hannunka. Ni a gaban mutane nake aikina. Ka ce na yi ƙarya, to na ji. In tana gyaruwa, a gyara ta nan, muna gani."

Rhissa, tsohon direban manyan motocin kamfani, ya ci gaba da fifita gawayin shayi kamar bai ji ba.

Dassin ta dubi mahaifinta.

Ita kaɗai ta san abin da ke bayan labulen. Tun bara idon mahaifinta ya fara rufewa daga tsakiya. Yanzu yana gane haske da duhu, yana gane mutum a tsaye, amma ba ya gane fuska. Baƙin tabarau ya sa ya rufe idonsa, ga kuma rawani, kuma a Arlit rabin maza haka suke yawo, ba mai tambaya. Yana fita da asuba, ya dawo da magariba, ya haddace takun gidansa ɗaya bayan ɗaya. Ita ke shiga bayan labule ta yi aikin. Shi ke miƙa wa mai kaya kayansa ya karɓi godiya.

Ranar da suka dawo daga wurin likita a Agadez ya riƙe hannunta a mota ya ce, "Kowa na iya sani wata rana. Amma ban da Lalla."

Lalla ita ce mahaifiyarta. Ita ce ta yi ta roƙonsa ya bar rami tun idonsa na ƙaiƙayi, ya ƙi.

"Abba," in ji Dassin a hankali, "mun bar wasu kayan a shago."

"Abin da ke akwatin ya isa."

Ya miƙa hannu. Nomau ya sa masa telekomand, wato rimot ɗin telen.

"Da kuka kunna ta ranar da ta fara haka, ƙaramar jar fitilar nan ta ƙasa ta kama?"

"Ta kama," in ji Nomau. "In an danna sai ta mutu, kamar kullum."

"Wani ya ji ƙara? Ko warin ƙuna?"

"Babu. Muna cikin kallo taƙ ƙifta sau biyu, sai duhu."

Alhusaini ya danna. Murya ta canja zuwa kiɗa. Ya sake dannawa, wa'azi ya fito. Ya sake, wani yana magana da Faransanci.

"Kun ji? Tana jin umarni, tana canja tasha. Kanta lafiya ƙalau. Gilashin ma lafiya. Akwai jerin ƙananan fitilu a bayan gilashin, su ke haska hoto. Su ne suka mutu. Hoton yana nan, duhu ne ya rufe shi."

Wasu suka gyaɗa kai. Rhissa ya ce, "Shef ke nan."

"Da baki kowa ya iya," in ji Muktari.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙaramar tocila. Ya karɓi telekomand ya kashe muryar gaba ɗaya, ya canja tasha sau uku. Rumfar ta yi tsit.

"Ɗan koyo ma ya san wannan gwajin. A haska gilashin daga kusa. In hoton yana nan a ɓoye kamar yadda ka ce, zai fito dishi-dishi. Ga tocila, Shef. Duba ka gaya mana me ake nunawa."

Alhusaini ya karɓa. Ya taka zuwa teburin, taku huɗu, bai yi tuntuɓe ba. Ya kunna tocilar ya kusanta ta da gilashin.

Daga inda take tsaye Dassin ta gani. Cikin da'irar hasken, inuwar mutane tana gudu a kan fili, ga farin layi, ga gola a bakin raga. Hoton yana nan. Mahaifinta ya yi gaskiya, da kunne kaɗai.

Shi kuwa yana tsaye, fuskarsa dab da gilashin, bai ce komai ba.

Ta janyo akwatin zuwa gefensa. Ta sunkuya kamar mai neman wani abu a ciki. Bakinta bai ko motsa sosai ba.

"Ƙwallo," ta ce.

Kalma ɗaya. Ta san ya ji, domin ta ga kafaɗarsa ta motsa. Abin da ya rage kawai ya maimaita, Muktari ya koma ya zauna, labulen ya ci gaba da zama a inda yake.

Alhusaini ya kashe tocilar.

Ya juyo ya fuskanci mutanen. Ya cire tabarau, ya naɗe shi, ya sa a aljihu.

"Ɗiyata ta ce min ƙwallo ake bugawa," in ji shi. "Ni ban ga komai ba."

Rhissa ya daina fifita.

"Mi kac ce, Shef?" in ji Nomau.

"Ka ji ni. Shekara guda ke nan ba na ganin abin da ke tafin hannuna. Kai ma da muryarka nake gane ka, da kuma sandar nan da ba ka barin ta ta huta."

"Abba!"

"Bari, Dassin. Na yi shekara ashirin da shida ban taɓa sa hannu a takardar aikin da ban duba da idona ba. Ba zan fara yau ba, a gaban waɗanda na yi rami da su."

Muktari ya matso. "Wallahi Shef, ban sani ba. Na zaci wani ka ɗauka a ɓoye yake yi maka aiki."

"Ka zaci daidai. Ga ta nan."

Ya miƙa hannu gefensa, ya sami kafaɗarta ba tare da lalube ba.

"Rhissa, rediyon motarka da ya yi shiru a hanyar Assamakka, wa ka ce ya gyara?"

"Kai."

"Ita ce. Khalidu, telenka da jikokinka suka zuba wa shayi, ita ce. Nomau, telen gidanka. Ka tuna ka zo har shago kana cewa hannun Shef ba ya tsufa?"

Nomau ya juya sandarsa a hannu.

"Hannun da kake yabo ga shi nan, shekararsa ashirin da huɗu. Tun tana goye nake kwance rediyo a gabanta. Abin da na sani ta sani. Abin da ban sani ba na waɗannan sababbin teloli masu faɗi, ita ta zauna ta koya, ta zo tana yi min bayani ina gyaɗa kai kamar na gane."

Wani ya yi ƴar dariya daga baya, ya haɗiye ta.

Dassin ta kalli ƙasa. Shekara guda tana tsare masa wannan magana kamar ƙwai, shi kuma ya ajiye ta a tsakiyar tabarma da hannunsa. Ta so ta ji haushi. Abin da ta ji daban ne: wuyanta ya miƙe da kansa.

Nomau ya yi gyaran murya.

"Allah shi ba ka lafiya, Shef. Wanga magana ta taɓa mu duka. Amma telen ga ta ƙungiya ce, ba tawa ba. Ɗiya mace ta buɗe ta, in ta ƙarasa lalacewa, mi zan ce ma mutane?"

"Muktari ya riga ya ce ta mutu," in ji Dassin. "Me zan ƙara mata, Baba Nomau?"

Wannan karon dariyar ta fito fili. Rhissa har da tafi.

"Ba ta tele, Nomau," in ji shi. "Kai ma ba ka san inda ake buɗe ta ba."

Nomau ya ɗaga hannu. "To. A ba ta."

Ta zare wayar daga bango. Ta sa aka shimfiɗa bargo a teburin, ita da Rhissa suka kifar da telen a kai. Sai ta tsaya.

Duk bayan telen liƙe yake da sikoc mai faɗi, irin na ɗaure kwali, layi a kan layi. Babu ramin iska ko ɗaya a buɗe. An yi aikin da kula, ko lanƙwasa babu.

"Wa ya liƙe wannan?"

"Ni," in ji Nomau, yana ɗaga ƙirji. "Ranar da munka sayo ta. Ke ba ki san ƙurar garin ga ba? A rami duk akwatin wuta sai mun toshe shi ruf, ko allura ba ta shiga. Shef da kanshi ya koya muna."

"Me ya yi?" in ji Alhusaini.

"Ya toshe mata ramukan iska duka, Abba. Da sikoc."

Alhusaini ya dafe goshi.

"Nomau. Akwatunan rami suna da abin sanyaya su a ciki. Wannan ta ramukan nan take numfashi. Ka toshe mata hanci, ka kunna ta daga safe zuwa dare, a ƙarƙashin kwano, a watan Mayu?"

"Ƙura fa?"

"Ƙura ana busa ta. Zafi kuwa dafa fitilu yake yi."

"Ashe shugaba ne ya kashe mana tele," in ji Khalidu. "Kwana huɗu yana zagin ƴan kuran, masu ba mu wutar lantarki!"

"Ku duka kun gani sa'ad da nike liƙawa! Kai, Khalidu, ba kai kar riƙe mini almakashi ba?"

Dassin ta bar su suna musu. Ta ɓare sikoc ɗin, ta kwance kusoshi goma sha shida, ta jera su a murfin akwati yadda ta cire su. Ta ɗage murfin baya. Ta gwada allon wuta da na'urar gwaji, ta faɗa wa mahaifinta lambar da ta gani.

"Wutar tana tashi sai ta faɗi?" ya tambaya.

"Tana tashi sai ta faɗi."

"To layin ya yanke a ciki. Sai kin ɗaga gilashi."

Nan ne wurin haɗarin, kuma kowane mai gyara ya sani. Gilashin bai kai kaurin farce biyu ba, faɗinsa ya fi hannu biyu a buɗe. In ya lanƙwasa kaɗan, ya tafi, ba mai dawo da shi. A shago, ita da mahaifinta ke ɗagawa, tana ƙirga masa. Yau ba ta so ta ɗora masa wannan a gaban mutane ba.

Ta ɗaga kai.

"Malam Muktari, zo ka kama min can ɓangaren."

Ya dube ta. Ya dubi mutane.

"Ni?"

"Kai ka ce a gaban mutane kake aiki. Wanke hannunka tukuna, akwai maiƙo."

Ya wanke da ruwan butar Rhissa, ya goge. Suka juya telen, ta cire zagayen da ke riƙe gilashin, ta saki siraran wayoyin gilashin ɗaya bayan ɗaya.

"Tafin hannu a ƙasa, ba yatsu ba. In na ce uku. Kada ka riga ni."

"Na sani."

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Gilashin ya tashi a miƙe. Suka taka tare, suka kwantar da shi a kan wani bargon. Sai a lokacin Muktari ya saki numfashi.

Ta ɗage fararen takardun da ke ƙasa. Ga fitilun a jere, layi biyar, kowace kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin ɗan murfi. Tsofaffin suka matso suna leƙe. Ta bi layukan da na'urar gwaji. Na farko ya kama. Na biyu ya kama. Na uku shiru.

Ta bi shi ƙwaya-ƙwaya. A ta shida ta tsaya, ta ɓalle murfin. Tsakiyarta baƙi, kamar an ɗiga mata toka.

"Ga ta."

"Wannan ƴar mitsitsiyar?" in ji Nomau. "Ita ɗaya ta kashe duka?"

"Wuta ta cikin kowace take bi ta wuce zuwa ta gaba. In ɗaya ta ƙone, hanya ta yanke, sai telen ta kashe sauran don kare kanta."

Muktari ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Ni ban buɗe ta ba," in ji shi, ba da ƙarfi ba. "Na ga duhu na ce gilashi ne."

"Na sani," in ji Dassin.

Aka kira la'asar. Mazan suka yi salla a gefen rumfar, ba wanda ya tafi gida. Ita ma ta yi tata a bayan zana, ta dawo. Sai a lokacin ta tuna ba ta je gida ɗauko abincin rana ba, abin da take yi kullum da azahar. Ta ture tunanin, ta sa ƙarfen dalma a wuta.

Daga ƙasan akwati ta ciro guntun layin fitilu na wata tsohuwar tele da aka yar. Ta cire ƙwaya ɗaya mai rai, ta ɗora a gurbin ƙonanniyar. Ta ga wasu biyu sun fara rawaya, ta canja su su ma. Mahaifinta yana zaune a gefenta, kansa a karkace, yana sauraren ƙarar dalma.

"Kin daɗe a kan ta biyun," in ji shi.

"Ƙafarta ta ƙi kamawa."

"Yanzu fa?"

"Ta kama."

Ta mayar da takardun. Ita da Muktari suka mayar da gilashin, wannan karon shi ya jira ƙirgarta ba tare da an gaya masa ba. Kusoshi goma sha shida suka koma gurbinsu. Aka tayar da telen, aka sa waya a bango. Jar fitila ta kama.

Ta sa telekomand a hannun mahaifinta.

"A'a," in ji shi, ya mayar mata. "Mai aiki ke kunna aikinsa."

Ta danna.

Gilashin ya yi shuɗi. Sai koren fili ya cika shi, ƴan wasa suna gudu, kala tas kamar ranar da aka sayo ta.

Rumfar ta ɗauki sowa. Khalidu yana ta faɗin "Masha Allah". Rhissa ya zuba shayin farko, ya tsallake shugaba, ya tsallake Shef, ya miƙa wa Dassin kofin.

"Karɓi, Shef ƙarama."

Alhusaini ya juya fuskarsa wajen telen.

"Na ga haske," in ji shi. "Kore ne?"

"Kore ne, Abba."

"Nomau, ka gani?"

"Na gani, Shef. Na janye maganata. Kuma daga yau ba ni ba sikoc."

"Muktari?"

"Gilashin lafiya yake," in ji Muktari. "Na faɗa a gaban mutane, na janye a gaban mutane."

Alhusaini ya gyara zaman rawaninsa. Dassin ta daɗe ba ta ga ya zauna a miƙe haka ba.

"Gobe zan cire labulen nan," in ji shi. "Duk mai kawo tele ya ga wadda ke gyara masa. Amma abu ɗaya nake roƙon ku, don zaman da muka yi tare. Maganar idona kada ta fita daga rumfar nan tukuna. Lalla ba ta sani ba. Ku bar ni in gaya mata da bakina."



Sowar ta mutu gaba ɗaya. Rhissa ya ajiye butar shayi a hankali. Nomau ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa.

Dassin ta juya.

Mahaifiyarta ce tsaye a cikin rumfar, da kwanon abincin da ba a je ɗauka ba, naɗe a ƙyalle. Taku uku ne tsakaninta da mijinta. Tana gabansa sosai, fuska da fuska, shi kuma ba tabarau. Tun yaushe take nan, Dassin ba ta sani ba.

"Me ya sa kuka yi shiru?" in ji Alhusaini. Ya ɗan karkata kai. "Wa ya tare min haske?"

Lalla ta sunkuya ta ajiye kwanon a kan tabarma. Ta miƙe. Ta ƙara taku ɗaya.

"Duba da kyau, Shef," in ji ta. "Ka gaya min wa ka gani."